Inabin Da Ke Nuna A Ƙarshe

Alba, Italiya
4 ga Nuwamba

Abba,

Ina fata kana lafiya, kai da Ummanka da ƙannenka. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyi da ya fara kankama.

Sau uku na saurari saƙon muryarka. Na ji inda ka tsaya ka haɗiye yawu kafin ka ce, "Baba, da gaske ne a gidan giya kake aiki?" Ban amsa ta waya ba don amsar tana da tsawo, kuma na fi son ta zo maka a takarda, ka karanta a tsanake. Ummanka kuma ta gaya mini makin jarrabawar shiga jami'a bai kai ba, abokanka sun wuce, kai kana gida, ka daina cin abinci da kowa, bakinka ya yi kaifi. Maganar biyu ce, amma a wurina zare ɗaya ya ɗinke su.

Gaskiya ne, Abba. Kaka shida na yi ina aiki a gonakin inabin da ake yin jar giya da shi, kuma hunturu biyu na yi a ɗakin gangunansu. Ban taɓa kai ta bakina ba, Allah shi ne shaida. Amma hannuna ya taɓa inabin, bayana ya ɗauki kwandunan. Gara ka ji komai daga bakina, da ka tsince shi a bakin titi.

Inda nake sunansa Lange, a yankin Fiyamonte, arewa maso yammacin Italiya. Tuddai ne bisa tuddai, kowanne an jera masa layukan inabi kamar kitso. Idan gari ya waye tas, kana hango dutsen Monviso da farar hularsa ta ƙanƙara. Kudu maso yamma da garin Alba akwai ƙauyuka 11, cikinsu har da Barolo, La Morra, Serralunga da Monforte. A cikinsu kaɗai doka ta yarda a yi giyar da ake kira Barolo, kuma da irin inabi guda ɗaya tak, mai suna Nebbiolo. Mutanen nan suna cewa sunan ya fito daga nebbia, wato hazo, domin a watan Oktoba hazo mai laima yakan cika kwaruruka da asuba, tuddan su yi kamar tsibirai. Tun ƙarni na 13 sunan inabin yake a rubuce a takardunsu.

Suna kiran Barolo giyar sarakuna. A ƙarni na 19 wata mai sarauta haifaffiyar Faransa, Giulia Falletti, da Cavour, wanda ya riƙe garin Grinzane shekara 17 kafin ya zama firaministan Italiya na farko a 1861, su ne suka ɗaga sunanta har ta shiga fada. Manoman kuwa sun daɗe cikin talauci. Wani marubucinsu, Beppe Fenoglio, ya yi littafi a 1954 mai suna La malora a kan wahalar barantaka a waɗannan tuddai. Tsohon da nake yi wa aiki ya ce da yana yaro samari gudu suke yi zuwa masana'antun mota na Turin. Yau ga shi mu ne muke zuwa daga Afirka, wasu daga Masadoniya da Romaniya, muna riƙe almakashin da suka ajiye.

Yanzu ka saurari halin wannan inabi, don saboda shi na ɗauki biro.

Nebbiolo shi ne ke riga sauran inabin toho, kuma shi ne na ƙarshe wajen nuna. Tun watan Afrilu yake fitar da ido, lokacin da sanyin dare zai iya ƙone shi. Sannan ya yi zamansa. A tsinke inabin Dolcetto a Satumba, a bi da Barbera, gonaki su yi wayam, shi yana nan rataye har tsakiyar Oktoba, wani lokaci ya wuce. Ga tsirfa. Ba ya yarda da kowane gefen tudu, sai mai kallon rana. Tsofaffin nan idan za su sayi gona, sai su jira hunturu su ga inda dusar ƙanƙara ta fara narkewa, nan ne suke kira sorì, nan ake dasa shi. Gefen da ke kallon arewa doka ma ta hana.

Ƙasar fara-fara ce, yumɓu da farar ƙasa da yashi, kuma a da can ƙasan teku ce. Na sha tono ɓawon katantanwar ruwa da fartanya a kan tudu. Ta wajen La Morra ƙasar ta fi taushi, giyarta ta fi ƙamshi da saurin laushi. Ta wajen Serralunga ƙasar ta fi tsufa da tsauri, giyarta takan yi shekaru kafin ta sauko. Tafiyar 'yan mintoci ce a mota tsakaninsu, iri ɗaya, ruwan sama ɗaya, amma hali ya bambanta. Shi ya sa kowane gefen tudu yake da sunansa kamar mutum: Cannubi, Brunate, Bussia. Akwai kwalbar da aka rubuta wa Cannubi tun 1752.

Kowace kurangar inabi a nan 'yar aure ce, kamar mangwaron gidan Hajiya. A rabi na biyu na ƙarni na 19 wani ɗan ƙwaro ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwa, ya kusa ƙarar da inabin nahiyar. Maganin da aka samu shi ne a dasa saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a aura mata reshen gida. Saiwar baƙuwa ce, kan kuwa ɗan ƙasa. Na koyi wannan aure da hannuna, kuma shi ne babban abin da zan dawo da shi. Bayan dashe sai an yi shekara uku kafin a ɗebi abin kirki.

Aikin shekara da aski yake farawa, cikin Janairu, yatsu suna ƙanƙarewa. Kuranga takan fitar da rassa da yawa, sai ka yanke kusan duka, ka bar ɗaya mai idanu takwas zuwa goma, ka lanƙwasa shi a hankali ka ɗaure a waya. Idan ka yi garaje sai ka ji ƙas, amfanin shekara ya tafi. Na karya da yawa a farko. Tsohon bai taɓa yi mini tsawa ba, sai ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake murza reshen kaɗan-kaɗan har ya yarda, yana cewa piano, piano, wato sannu sannu. Da zafi kuma akwai aikin da ya fi ba ni ciwo: mu bi layi muna yanke lafiyayyun nonnan inabi tun suna kore, muna zubarwa ƙasa. Ɗan manomi ne ni, zuciyata ba ta so. Amma doka ba ta yarda hekta ɗaya ta wuce tan 8 ba, masu neman nagarta ma ba sa kaiwa nan. Kurangar da aka bar wa kaya da yawa ba ta iya nunar da ko ɗaya yadda ya kamata.

Bari in ba ka labarin wata safiya a kakar bana. Maƙwabta duk sun gama tsinka. Hadari yana haɗuwa ta yamma, kuma a nan ƙanƙarar sama ta minti goma tana iya share wahalar shekara. Muna tsaye da kwanduna muna jiran umarni. Tsohon ya shiga layi, ya tsinki ƙwaya ɗaya ya miƙo mini. Baƙa ce mai shuɗi-shuɗi, da farar ƙura a jikinta kamar an shafa mata toka. Na tauna, zaƙi ya cika mini baki, na ce ai ta nuna. Ya girgiza kai, ya ce in tofo ƙwallon a tafin hannuna. Ƙwallon yana da sauran kore a gefe. Ya ce in tauna shi. Nan take bauri ya ɗaure mini harshe kamar na ci ɗanyar kanya. Ya ce zaƙi yakan riga zuwa, kowa yana iya ganinsa, amma sai ƙwallon ciki ya yi ruwan ƙasa, yana ƙaras-ƙaras a haƙori kamar soyayyiyar gyaɗa, sannan inabi ya nuna. Muka mayar da kwanduna. Kwana tara muka ƙara. Na ga fitilar ɗakinsa a kunne cikin dare, yana leƙen sama. Ranar da muka tsinka, da hannu, cikin ƙananan kwanduna don kada na sama ya danne na ƙasa, ƙwallon ya yi daidai yadda ya faɗa.

Abin da ke biyo baya a ɗakin ganguna ma zan gaya maka, don ka san abin da idona ya gani. Ana cire karan, a fasa ƙwayoyin, a zuba cikin manyan tankuna. Ruwan inabin da kansa kusan fari ne, launin yana cikin ɓawo, shi ya sa ake barin su tare su tsimu. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai tanki ya fara tafasa ba wuta. Yis ne yake cin sukarin, yana mayar da shi barasa da iska. Ka kara kunne za ka ji yana tsuwa, ka dafa za ka ji ɗumi. Iskar tana tura ɓawon sama ya yi tauri kamar murfi, sai a riƙa janyo ruwan ƙasa ana kwarara masa safe da yamma. Wannan iska ba ta da launi, kuma tana kisa. Mutanen da sukan shiga da kyandir, idan ya mutu su fita da gudu. Masu bin tsohuwar hanya sukan bar ɓawon cikin ruwan wata guda ko fiye, sannan a tace, a matse. Daga baya akwai wani juyi na biyu, marar hayaniya, wanda ke rage kaifin tsamin.

Abin da ke fita daga ɓawo da ƙwallo a wannan tsimi suna kiransa tannino. Ranar da aka yi mini bayaninsa sai da na nemi wuri na zauna, domin na san shi tun ina yaro. Shi ne abin da ke cikin bagaruwa. Kakanka, mai sunanka, majemi ne. Na sha daka masa bagaruwa, ya jiƙa, ya tsoma fata, ya juya, ya jira. Baurin bagaruwa ne ke hana fata ruɓewa, shi ne ke sa ta yi shekara talatin a jikin sirdi. To haka yake a nan. Nebbiolo yana da bauri da tsami fiye da yawancin inabi. Sabuwar Barolo, in ji masu sha, ba ta shawuwa, tana kama dasashi. Amma wannan baurin ne ke riƙe ta shekara 20, 30, lokacin da masu saurin daɗi sun daɗe da lalacewa.

Saboda haka doka ta sa mata wa'adi. Tun 1980 Barolo take cikin ajin ƙoli na dokar giyar Italiya, kuma a yau ba a sayar da ita sai ta yi wata 38, ana ƙirgawa daga 1 ga Nuwamba na shekarar kaka, wata 18 daga ciki a gangar katako. Wadda ake kira Riserva wata 62 take yi. Inabin da na tsinka bana, kwana uku ke nan da fara yi masa ƙirge. Kafin a sayar da kwalba ɗaya, kai ka haura shekara 20.

Tsofaffin gangunan manya ne, wasu suna cin lita dubbai, an yi su da katakon wani itace mai ƙwari da suke kira rovere, daga dazukan Kuroshiya. Suna da 'yar ƙofa a ƙasa wadda mutum ke shiga da rarrafe, kafaɗa ɗaya sannan ɗaya. Na shiga na wanke su da fitila a goshi. Bangon ciki yana ƙyalli da wasu duwatsu ja-ja kamar kanwa, waɗanda giyar ta ajiye a hankali. Katako yana numfashi. Iska kaɗan tana shiga, ita ce ke tausasa baurin, ruwa kaɗan kuma yana fita. Don haka kullum ana zagayawa ana cika abin da ya ragu, domin idan aka bar sarari a saman ganga, abin da ke ciki zai koma ruwan tsami. Jiran nan da kake ji, jira ne mai aiki a ciki.

Ba kowa ya yarda da tsawon jiran ba. Wani saurayi ɗan La Morra, Elio Altare, ya je Bargandi ta Faransa a 1976, ya ga manoma suna samun arziki da ƙananan ganguna. Ya dawo yana son canji, mahaifinsa ya ƙi. A 1983 ya ɗauki zarton inji ya yanka tsofaffin gangunan gidansu. Uban ya cire shi daga gado, kuma bai daɗe ba ya rasu. Shekaru aka yi ana jayayya tsakanin masu sabuwar hanya da masu tsohuwa irin su Bartolo Mascarello. Yau yawancinsu sun haɗu a tsakiya, kowa ya ɗauki abu daga ɗan'uwansa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne uba da ɗa, kowanne da rabin gaskiya a hannunsa, ƙasa ta rufe ɗaya ba su haɗa ta ba. Ba na son haka tsakanina da kai. Idan kana fushi da ni don na yi shekara tara ba na gida, ka faɗa mini, zan saurara. Kada ka sauke wa Ummanka.

Akwai kuma masu gaggawar da ta zama kisa. A 1986 wasu 'yan kasuwa a wannan yanki suka zuba guba mai suna metanol cikin giya mai araha don ta yi ƙarfi ba tare da wahalar gona ba. Kimanin mutum 20 suka mutu, wasu suka makance. Har yau tsofaffi suna sunkuyar da kai idan an ambaci shekarar.

Sau ɗaya na ga ƙarshen wannan doguwar hanya. Ranar da muka gama kakar bana, tsohon ya buɗe kwalba mai shekara fiye da 20. Ya san ba na sha, bai taɓa yi mini tayi ba. Ya zuba kaɗan a kofin gilashi, ya karkata shi a kan farar takarda, ya ce in duba. Na zaci zan ga baƙi-baƙi. Sai na ga ja mai haske, ya fi zoɓo sirantaka, kana hango yatsanka ta ciki, bakin gefen kuwa ya koma ruwan goro. Ƙamshin ya tashi da kansa ya same ni inda nake zaune. Da farko busasshen furen wardi. Can sai wani abu kamar kwalta da rana ta gasa, sai ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. A ƙarƙashinsu duka, Abba, na ji ƙamshin jimammiyar fata. Na ga rumfar kakanka, na ga hannunsa da ya rine. Na tashi na fita waje don kada a ga idona. Wannan kuwa shi ne abin da ya fara da ƙwallo mai ɗaure harshe.

Kada ka ɗauka ina ƙawata maka ita. Addininmu ya haramta giya, kuma da na tambayi wani malami a masallaci a Turin bai ɓoye mini ba: hanin bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsawa da mai ɗauka. Daga ranar na bar ɗakin ganguna. Gonar ce na kasa bari da wuri. Shekarar farko a bakin kogin Tanaro na kwana, wani dillalin ma'aikata yana cinye rabin ladana, kuma da na samu tsohon nan mai amana, takardar zamana da kuɗin makarantarku duk suna rataye da aikinsa. Dalili ne, ban ce hujja ba ce, ina neman gafarar Allah. Kakar bana ita ce ta ƙarshe. Wata mai zuwa zan koma gonakin nocciola, wata 'yar ƙwara mai kama da gyaɗa da ake yin cakulan da ita a Alba. Na kuma ga abin da kwalba ta yi wa wasu 'yan'uwanmu a tashar jirgin ƙasa, samarin da suka haye Sahara da teku lafiya, ta kayar da su a kan kwali. Mai tsada da mai araha duk hanya ɗaya suke bi da hankali. Kada ka kusance ta.

Abin da na ɗauko daga tuddan nan na kurangar ne da manominta, kuma Allah ne ya halicci kurangar. Kai ka riga sa'o'inka magana, ka riga su tafiya, har Hajiya tana cewa a rufe bakinka kada a yi maka baki. Yanzu sun tsinke, kai kana rataye, kana ganin kamar an manta da kai a gona. Zaƙin ƙwaƙwalwa kana da shi, kowa ya shaida. Ƙwallon ciki ne yake da sauran kore, kuma ba a nunar da shi da fushi. Taurin kan nan naka da ke ba Ummanka wahala, ban roƙi Allah ya cire maka shi ba. Irin na kakanka ne, shi ne zai hana ka ruɓewa a inda wasu za su ruɓe. Roƙona ya yi laushi, ya zama riƙon gaskiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma ka tuna gangar da ake cikawa kullum. Shekarar nan kada ka bar mata sarari. Ka sake yin rajista, na turo kuɗin. Ka yi wa kanka aski: lissafi ne ya kayar da kai, ka rage yawo da waya, ka bar reshe ɗaya ka ɗaure shi da kyau. Yau da dare ka ɗauki kwanonka ka je ka zauna kusa da Ummanka, ka ba ta haƙuri. Ita ce ta yi tsaron hadari shekara tara, fitilarta a kunne.

Sai aike ɗaya. Ran Asabar ka hau mota ka je Kudan, ba nisa daga Zariya, inda ake noman inabin ci. Ka gaida manoman da ladabi, ka roƙi su bar ka ka shiga layi. Ka duba mini yadda suke ɗaure rassa, ka tambaya a wane wata suke aski tunda can babu hunturu irin na nan, da inda suke samun dashe. Idan sun ba ka ƙwaya, ka tofo ƙwallon a tafin hannunka ka gaya mini launinsa. Ka rubuta komai a takarda, kada ka yi mini saƙon murya, ina son ganin rubutun hannunka. Na sayi almakashin aski guda biyu, na naɗe su a ƙasan akwati. Ɗaya naka ne.

Allah ya yi maka albarka, ya nunar da kai a lokacinka.

Mahaifinka